Majigin unguwa sau ɗaya a wata: ta ina ake farawa a Zariya?

Wani matashin malamin sakandare daga Tudun Wada ne ya aiko da tambayar. Shi da abokansa shida suna son kafa ƙungiyar da za ta riƙa haska fim a unguwarsu sau ɗaya a wata, a kalla tare, a zauna a tattauna. Sun tara ɗan abin da suka tara, yana so ya san wace na'ura za su saya, kuma da wane fim za su buɗe.

Malam, kuɗin nan su ɗan ƙara kwana a aljihu tukuna. Na yi shekaru ina cikin masu ɗaukar allo da lasifika zuwa ɗakin taron wata makaranta duk wata, kuma abin da ya fi kusa da kashe mana ƙungiya bakin mutane ne. Na'ura ana aronta, ana hayarta, in ta lalace a kai wa masu gyara a Sabon Gari. Yardar unguwa kuwa babu inda ake ba da aronta, kuma in ta zube ba ta kwasuwa.

Saboda haka ka fara da sunan da za ka kira abin. Kada kalmar "sinima" ta fito daga bakinka a gaban dattawa. Ka ce majigi. Ba wasa da kalma nake yi ba, abu biyu ne daban a ƙwaƙwalwar mutanenmu. Majigi shi ne wanda gwamnati ke kawowa a mota tun zamanin Turawa har bayan samun mulkin kai, a kafa farin allo a ƙofar fada ko filin makaranta da izinin hakimi, a nuna tsabta da rigakafi da noman auduga, mai sharhi yana bayani da Hausa ta lasifika. Kyauta ne, a fili ne, yaro ya je da sanin ubansa. Sinima kuwa gida ne mai katanga da ake biya a shiga da dare, galibi a bayan ganuwa, kuma tun farko an jingina ta da 'yan iska. A Kano gobarar sinimar El Duniya ta 1951 ta ci mutum 331, mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin hukuncin Allah, kuma wannan kallon bai gushe ba. Ka tuna a 2016 gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a jihar Kano, malamai suka yi ca, aka janye. In gwamnati da ƙarfinta ta ja da baya, ku bakwai ba za ku yi da ƙarfi ba.

Kafin ka buga takardar sanarwa ko ɗaya, ka je gaisuwa wurin mai unguwa, shi zai nuna maka ko maganar sai ta kai ga dagaci ko hakimi. Daga nan liman. Kada ka tafi kai kaɗai da abokanka samari, ka nemi dattijo ɗaya da ake jin maganarsa ya shige muku gaba. Ranar da muka je wurin limaminmu, mun shirya dogon bayani kan tarihin fim da amfaninsa ga ilimi. Yana zaune a zaure kan buzu, ya bar mu muka gama, sannan ya ajiye casbi ya yi tambaya uku: maza da mata ina za su zauna, ƙarfe nawa za a tashi, kuma wa ya kalli abin kafin a nuna wa 'ya'yan mutane. Ko ɗaya ba mu shirya amsarta ba. Muka koma bayan mako da amsa, muka kuma ɗauki kwamfuta muka nuna masa fim ɗin farko a zauren, shi da na'ibinsa. Bai zo kallo ba ko sau ɗaya a duk shekarun nan, amma da wani ya tashi bayan sallar Asuba yana cewa an kawo sinima unguwa, shi ya ce ya ga abin da idonsa, maganar ta mutu a nan. Ka kuma leƙa ofishin 'yan sanda mafi kusa ka sanar, ka yi magana da 'yan sintirin unguwa. Taron dare a garin nan ba abin da ake yi a ɓoye ba ne.

Amsoshin da muka ba liman su ne har yau tsarinmu. Yara a gaba kan tabarma, mata a gefe guda da ƙofarsu, maza a ɗaya gefen, benci biyu na baya na dattawa. Kuma ba ma kashe fitila gaba ɗaya. Akwai ƙwai ɗaya mara ƙarfi da muke bari a can baya. Hoton yana ɗan rage kyau, na sani, masu son fim na gaske sukan yi ƙorafi, amma duhu ɗungurungum shi ke haifar da "an ce an ga wane da wance", kuma irin wannan magana ɗaya ta isa ta hana mata zuwa har abada.

Wuri kuwa, in ka samu ɗakin taron makaranta ko na wata ƙungiya mai ƙofa biyu, ka riƙe shi. Ƙofofin nan a buɗe suke kwana har a tashi, ba kwaɗo, ba babur a bakinsu, ba benci a kan hanya. Fili ya fi daɗi, ya fi kama da majigin da, har da yaran da kan zagaya bayan allo su kalli hoton a juye, amma yanayin Zariya ba zai bar ka ka dogara da shi ba. Daga Mayu zuwa farkon Oktoba hadari na iya tasowa cikin rabin awa, Agusta ma ba a magana. Disamba da Janairu sanyin hunturu zai kori tsofaffi da masu goyo tun kafin fim ya yi nisa. Maris da Afrilu ne fili ke da riba, lokacin da ɗaki ya zama tanda. Sai dai ɗakin ma yana da nasa: in rufin kwano ne babu silin, ruwan sama zai cinye sauti tas. Mun taɓa tsayar da fim minti ashirin muna kallon juna har ruwan ya tsagaita.

Ka zaɓi rana ɗaya ka mutu a kanta. Mu Juma'ar farko ta kowane wata muka ɗauka, bayan sallar Isha'i. Asabar da Lahadi na biki ne da ƙwallon Ingila, Talata da Laraba na gasar zakarun Turai ne, ba za ka iya ja da gidan kallon ƙwallo ba. Amfanin rana tsayayya shi ne bayan wata biyar ko shida ba ka bukatar sanarwa, mutane da kansu za su riƙa lissafi. Ko mutum tara suka zo, ka haska. Watan da ka ɗage saboda mutane sun yi kaɗan, ka koya musu cewa abin ba tabbas gare shi ba. Azumi kaɗai muke hutawa, kuma tun a Sha'aban muke faɗa. In rasuwa ta faɗo a maƙwabtan wurin, wannan ba sai an gaya maka ba.

Lokacin nan yana da ƙunci, ka lissafa shi da kyau. Ana idar da Isha'i wajen ƙarfe takwas, kafin a taru takwas da kwata ta yi, kuma goma da rabi ya kamata a ce kowa ya kama hanyar gida. Ka ga fim ɗin da ya wuce awa ɗaya da rabi ya ci lokacin tattaunawa ke nan. Dogon fim sai dai a raba shi wata biyu, ko a nemi ɗaki mai labule a fara bayan La'asar a tashi kafin Magariba. Wannan na yamma, af, shi ya fi kawo matan aure.

To, ga maganar na'urar da ka tambaya. Abin da zai ba ka mamaki shi ne sauti ya fi hoto muhimmanci. Mutane za su jure hoto dishi-dishi, amma in ba sa jin abin da ake faɗa, minti goma surutu zai tashi. Lasifika biyu masu kyau, a ɗaga su sama da kan mutane a gefen allo, da makirufo ɗaya. Kada ka karɓi irin na masu kiɗan biki da ƙarfinsu duk a gangar ƙasa yake, murya kake so ta fita tar. Na'urar majigin kanta ka nemi mai hasken da ya kai lumen (awon ƙarfin haske ke nan) 3,000 zuwa 3,500 na ma'aunin ANSI, wato tsayayyen ma'aunin da ake gwada hasken majigi da shi. Ka kula da kalmar nan ANSI, don ƙananan da suka cika kasuwa masu arha sukan rubuta dubbai a kwali, ka kunna ka ga ko bangon ɗaki ba su cika ba. Tsohon majigin ofis na hannu ya fi su sau da yawa, in dai ka shiga cikin saitinsa ka duba awa nawa ƙwansa ya ci. Allo ba sai ka saya ba: farin yadi mai kauri, faɗi mita 3, tsayi wajen mita 1.7, tela ya yi masa kalmasa a zura sanda sama da ƙasa, a sa baƙin ƙyalle a baya don haske kada ya zarce. Layin ƙarshe kada ya wuce mita 10 daga allon, in ba haka ba na baya ba za su iya karanta rubutun fassara ba.

Wuta ce za ta ba ka ciwon kai. Majigi mai ƙwai yana cin wat 300 ko kusa, lasifika da kwamfuta su ƙara wajen 150. Ƙaramin janareta zai ɗauka, amma a kai shi nesa da doguwar waya mai kauri, kuma kada a kuskura a shigar da shi ɗaki ko baranda don ruwa, hayaƙinsa kisa yake yi ba a ji ba a gani. In da inbata za ku yi, batir mai 200Ah a kan bolt 12 a takarda yana da awar wat 2,400, amma rabinsa kaɗai ya kamata a ja in ana son ya yi ƙarko, inbatar ma ta ci nata, abin da zai rage bai fi na awa biyu da 'yan mintoci ba. Batir ɗaya zai kai ka bakin gaɓa, biyu ne kwanciyar hankali. Ko da wutar gari ta zo, kada ka jona majigi kai tsaye. Ƙwan nan zafi yake ɗauka sosai, bayan an kashe shi fanka na ci gaba da hura shi, in wuta ta yanke farat ɗaya zafin ya zauna a ciki. Mu da haka muka rasa ƙwanmu na farko, a wata na huɗu, ana tsakiyar fim, aka ɗauke aka dawo sau biyu cikin minti biyar, a na ukun muka ji "tas". Kuɗin sabon ƙwai ya kusa na rabin majigin. Ƙaramar UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, tsakanin majigi da bango ta fi wannan arha nesa ba kusa ba. Da hunturu kuma ka riƙa cire matatar iskarsa kana kakkaɓewa duk wata, ƙura na toshe ta. Fim ɗin ya kasance a cikin kwamfuta tun jiya, an kalle shi daga farko har ƙarshe a kan na'urar da za a yi amfani da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a dogara da data a gaban mutum tamanin.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, ni kuma ba zan tsallake shi ba: fim yana da mai shi. Sayen faifai, ko turawa a waya wurin masu turi, ko biyan kuɗin Netflix, duk izinin kallo ne a gida. Haska wa jama'a hakki ne daban, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta bar shi a hannun mai fim, ko an karɓi kuɗi a ƙofa ko ba a karɓa ba. Ba shakka za a roƙe ka ka haska fim ɗin Amina na 2021, tunda Zazzau muke kuma kowa yana son ya faɗi inda aka yi wa tarihi kwaskwarima. Daga asusunka na Netflix ba ka da wannan damar. Akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke sa wa fim matakin shekaru, ta kuma ba da lasisin wuraren haskawa. Ranar da kuka fara yanka tikiti kun shiga harkarta, don haka ku je ofishinta ku ji sharuɗɗa tun kafin ta zo ta same ku. Hanya mafi sauƙi ga ƙungiya irin taku ita ce ku nemi mai fim ɗin kansa. Furodusoshin Kano da Kaduna da Jos ba su da wuyar samu, da yawa za su amsa ta WhatsApp, kuma in suka ji ba kasuwa ba ce sukan yarda, wani ma ya hau mota ya zo. Ka ajiye amsar a rubuce. Mutanen nan satar fasaha ta riga ta cinye musu kasuwar faifai, bai dace masu cewa suna son fim su ƙara musu ba.

Wane fim? Ra'ayina kada ka buɗe da abin da ke cikin wayar kowa. Wanda ya kalli shiri mai dogon zango a YouTube jiya ba zai bar gida don shi ba. Ka kawo abin da ba a samu. Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, shi ne na farko da zan nema maka. Littafin Abubakar Tafawa Balewa ne, wanda ya fito daga gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a nan Zariya a 1933, kuma duk wanda ya yi Hausa a makaranta ya san labarin yaron da aka sace aka ƙetara da shi hamada, uwarsa ta bi sawu. Fim ɗin ya yi shekaru ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Hukumar tana Jos, can za ka rubuta. Ya haura awa biyu, don haka na yamma ne ko na wata biyu. Akwai Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa, na 1991, kan ƙauyen da masu kuɗi ke neman ƙwace wa ƙasa. Ka kuma shiga Samaru, sashen wasan kwaikwayo da na aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibai suna yin gajerun fina-finai da ba sa wuce teburin malamin da ya ba da maki, kuma babu abin da ɗalibi ke so kamar ya ga ɗaki cike ana kallon aikinsa. Sashen wasan kwaikwayon ma tun shekarun 1970 yake da al'adar kai wasa cikin unguwanni da ƙauyuka a zauna a tattauna da mutane bayansa, ba za ka sha wahalar fahimtar da su abin da kake nufi ba.

Fina-finan sauran ƙasashen Afirka su ne suka fi ba mu mamaki. Mandabi na Usman Sembene ɗan Senegal, na 1968, labarin magidanci ne a Dakar da ɗan 'yar'uwarsa ya aiko wa kuɗi daga Faris, gidan waya ya ce sai da katin shaida, masu katin shaida suka ce sai da takardar haihuwa, maƙwabta kuma tuni sun fara zuwa rance. Da harshen Wolof ne, amma duk wanda ya taɓa kwana a layin NIN ba ya bukatar tafinta kafin ya gane inda aka dosa. Matsalar ita ce rubutun fassarar da Turanci yake zuwa, rabin ɗakin kuwa ba sa bin sa da sauri. A nan muka koma wa dabarar majigin da, muka sa mai sharhi. Mutum ɗaya da makirufo a gefe, ya kalli fim ɗin sau biyu ko uku tun a gida, yana jefa Hausa a tsakanin maganganu. Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato. Wanda ya saba da fassarar fina-finan Indiya zai so ya cika ko'ina da barkwanci, ya zama shi ake kallo. Wanda muka dace da shi wani tsohon malamin firamare ne mai sanyin murya, yakan bar wuri shiru in fuskar ɗan wasa ta riga ta faɗi maganar.

Tattaunawar bayan fim ita ce ƙungiyar, in babu ita gidan kallo kuka buɗe. Kada a ce "wa ke da tambaya", shiru za ka ji, sannan wani mai digiri ya miƙe ya yi lacca ta minti goma sha biyar mutane su zare jiki. Ana kunna fitila mai gabatarwa ya jefa tambaya ɗaya ƙarama wadda kowa ke da amsarta, irin "da ke ce matar nan, za ki ba maƙwabciya shinkafar?" Ya fara miƙa makirufo ɓangaren mata, don in maza suka riga su ba za su ƙara magana ba. Minti biyu kowa. Siyasar jam'iyya da saɓanin ɗariƙa da Izala da Shi'a a bar su a bakin ƙofa tare da takalma, kuma a faɗi haka tun daren farko. Ka san garin da kake.

Saura kuɗi. Kada ku karɓa a ƙofa. Membobi su riƙa ba da na wata, kaɗan wanda ba zai yi nauyi ba, a ajiye kwali a bakin ƙofa ga mai niyya. Abin da ake kashewa a dare ɗaya sananne ne: fetur lita biyu ko uku, ruwan leda, ɗan abin hannu ga maigadin makaranta, kuɗin Keke Napep na ɗauko kaya. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa duk wata uku, ko da kuɗin bai kai na buhun masara ba. Ɗan siyasa zai zo da tayin sayen majigi, musamman in zaɓe ya matso. Ku yi godiya ku ƙi, don ranar da hotonsa ya hau allonku rabin unguwa sun daina zuwa. Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba ta gaggawa ba ce, sai kun shekara kun ga abin ya zauna, kuna son buɗe asusun banki da sunan ƙungiya.

Wata ukun farko ku yi da na aro. Makarantarka ko wata ƙungiyar sa-kai ba za a rasa majigin da ke kwance a kabad ba. In kun kai wata na huɗu ku bakwai ɗin kuna nan, sai ku taɓa kuɗin: lasifika da makirufo da UPS tukuna, majigi daga baya. Kuma tun yanzu ku raba aiki a rubuce, a riƙa juyawa, mutum biyu aƙalla su iya haɗa wayoyin, kada ranar da kai ka yi tafiya a rasa mai kunnawa. A cikin rabon a sa sunan masu shara. Bayan an watse za ka tarar da ɓawon gyaɗa da ledar ruwa da sandar rake da aka tsotse a ƙarƙashin kowane benci, kuma hedimasta zai shigo ɗakin nan ranar Litinin da safe. A share a daren, a mayar da bencina yadda aka same su, a kai masa makulli gida ranar Asabar.